Yadda Ƙanƙara Ta Rufta da Surukina a Duwatsun Turkiyya

Ana sallame sallar asuba a masallacinmu na unguwar Jaradiya a Riyad muka ɗauki hanya, mu uku: ni, da surukina mahaifin matata, da wani mutumin Halab ta ƙasar Sham da kamfani ya haɗa mu da shi saboda yana jin Turkanci. Tun da na dawo, duk wanda ya tare ni sai ya ce, "Wai ya aka yi ne?" in ba shi rabi in haɗiye rabi. Na gaji da haɗiyar. Ga shi nan duka, wanda zai zage ni bayan ya karanta ya zage ni, ba zan ce masa kanzil ba.

Ku da kuke nan Riyad kun san halin da garin yake ciki. Ka kwana da gidan ƙasa a gabanka, ka tashi ka tarar katafila ta share shi. Kowa gini yake, kowa siminti yake nema, jiragen ruwa kuma sun yi cirko-cirko a Jidda da Dammam wata da watanni ba a sauke su ba. Shi ya sa kamfanoni suka koma jawo kaya ta ƙasa, daga Turai a ratso Turkiyya da Sham har nan. To wata babbar mota da ta ɗauko wa kamfaninmu injin haƙa ita ce ta maƙale. Direbanta Baturke ne, ya ga hanya ta biyo kusa da ƙauyensu a kan duwatsu, ya ce bari ya ratse ya ga iyali. Ya zame a ƙofar gidansa ya karya ƙafa. Kafilinmu, wato ubangidan da takardun zamanmu suke hannunsa, ya kira surukina, da yake shi ne babban direba, ya ce ya je ya ɗauko motar. Shi kuma ya ce a haɗa shi da ni in taya shi tuƙi.

An buga mana bizar fita da dawowa ta sati uku. Wanda bai zauna ƙasar nan ba ba zai gane nauyin wannan takarda ba. In ta ƙare kana waje, to kana waje, iyalinka suna ciki, sai ranar da kafili ya sami sukunin bin ofisoshi dominka. Surukina yana da gida cike da yara, don haka tun ba mu fita gari ba ya fara ƙirga kwanaki da yatsu a kan sitiyari.

Bari in gaya muku tsakanina da shi, don in ba ku gane wannan ba, sauran labarin ba zai shiga kanku ba. Mutum ne dogo, mai zafin zuciya, mai kirki kuma. Ya fi shekara talatin yana tuƙi, ya yi Kano zuwa Chadi, ya yi Chadi zuwa Sudan, bai taɓa kayar da mota ba, kuma ba ya gajiya da faɗar haka. Shi ya ba ni 'yarsa, shi ya tsaya aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Shekara shida ina auren 'yar nan ban taɓa furta sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na gaishe shi a tsugune nake. In muna tafiya a ƙasa, yana gaba ina can baya. In ina da magana da shi, sai in gaya wa matata, ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta sami lokacin da ransa yake a sanye ta shigar. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu a ƙasar Daura, haka nake yi, kuma ina alfahari da shi.

To ka ɗauki mutane biyu irin wannan ka cusa su gaban wanet, ƙaramar motar kayan nan ta kamfani, tafiyar kwana da kwanaki. Dole na tura mutumin Halab tsakiya, yana ƙorafin giya na dukan gwiwarsa, na ce ya yi haƙuri. Duk inda muka tsaya cin abinci, in ce na ƙoshi, in zagaya bayan mota da gurasata ta tamis da wake in ci a tsaye. A rana ta biyu bawan Allah ya kasa daurewa, ya ja ni gefe ya ce in gaya masa gaskiya, faɗa muka yi da tsohon? Na ce a'a, girmamawa ce. Ya kalle ni ya ce su a Halab wanda ake girmamawa shi ake zuba wa nama a gaba a zauna a ci tare. Na ce kowa da irin tasa.

Hanyar arewa, wadda ta bi gefen bututun mai, ba abin da zan ce muku a kanta. Miƙaƙƙiya ce har ta gundure ka, ba bishiya, ba tudu, sai manyan motoci da gawarwakin waɗanda barci ya kwashe direbobinsu. Mai kuwa ya fi ruwan sha araha. A wani gari kusa da iyaka sanyi ya fara yi mana sallama, muka sayi farwa, rigar nan ta fatar rago. Na saka tawa na ji ina warin turke, amma wallahi daga ranar ban sake cire ta ba sai don alwala. A iyakar Sham muka yi asarar kwana biyu cur a layin kwastan, muna cin ƙosan Larabawa da shayi, surukina yana safa da marwa tsakanin taga da taga yana faɗa da Larabcin da ba mai saurarensa. Dimashƙa da Halab ta gilashi na gan su. Da muka shiga Turkiyya sai ga lemo a kan bishiya jingim, ga ruwa na gudu a gefen hanya ba mai gadinsa. A can nesa kuma duwatsu ne farare tas. Ni a zatona farar ƙasa ce.

Rana ta takwas da la'asar muka hau ƙauyen. Hanyar siririya ce, an sassaƙe ta a jikin dutse, hagu gangare ya miƙe sama, dama kwari mai zurfi. Gidaje ba su fi talatin ba, na dutse, rufinsu a daɓe. Motarmu tana nan a ƙofar masallaci, injin haƙa a bayanta an lulluɓe da tamfol. Mutanen nan ba su taɓa ganin baƙar fata ba, amma da suka ji mun yi sallama, suka ji daga ƙasar Makka muke, sai ka ce 'yan uwansu ne suka dawo daga tafiya. Aka sauke mu a ɗakin baƙi na liman, aka kawo miyar adas da gurasa da kindirmo, da shayi a 'yan ƙananan kofuna waɗanda kurɓa biyu ta gama da su. Direban mai karaya ya yi ta ba da haƙuri daga kan shimfiɗarsa. Muka ce ba komai, gobe da safe za mu juya.

Kafin magariba sama ta rufe. Na fita alwala sai na ga wani abu fari yana sauka a hankali ba ƙara, na tara hannu ya narke. Dusar ƙanƙara ke nan, yau na gan ta da idona. Har dariya na yi, Allah Ya yafe mini. Kwana huɗu tana zuba, ga iska tana kwasarta daga bayan dutsen tana jibgewa ta gefenmu. Da gari ya washe a rana ta biyar, tayoyin babbar motar sun ɓace, wanet kuwa sai rufinta. Hanya babu ita. Aka ce mana katafilar gwamnati takan zo ta buɗe, amma ba wanda ya san yaushe, ƙauyuka da yawa ne a gabanta. Surukina ya ƙirga: saura kwana takwas a bizarmu, kuma da mota mai kaya, da layin iyakoki uku, shi a lissafinsa sai mun ci shida. Ya ce zai taka da ƙafa zuwa garin da ke ƙasa, tafiyar rabin yini, ya roƙi masu katafila su fara da mu.

Da mutumin Halab ya fassara wannan, kowa ya juyo ya dubi liman. Liman ya aika aka kira wani tsoho guntu mai farin gashin baki. Aka ce mana duk ƙauyen ba mai taka hanyar nan bayan an yi ƙanƙara sai wannan tsoho ya ce a taka, don akwai wani wuri da ta ratsa ƙarƙashin babban gangare, kuma gangaren yakan zabtaro. Tsohon bai yi dogon bayani ba. Ya ɗauki shebur na katako ya ce mu biyo shi bayan masallaci, inda akwai ɗan tudu da ke fuskantar inda babban gangaren yake fuskanta.

Ya haƙa rami har ya tarar da ƙasa, zurfin ya kai masa ƙirji. Ya share bangon ramin ya yi sumul, sai ga layi-layi a jiki. Ya fara dannawa daga sama. Ta saman, wadda iska ta daɓe, kaurinta ya kai kamu ɗaya da rabi, da ƙyar yatsa guda ya shige ta. Ƙarƙashinta akwai wani siririn ɓawo mai santsi kamar gilashi. Ƙarƙashin ɓawon kuma ya tura hannu gaba ɗaya ya shige har gwiwar hannu, ya damƙo ya buɗe tafi, abin ya tsiyaye kamar sukari, ya ƙi dunƙuluwa. Sannan ya yanka gefe da gefe da baya, ya ware wani yanki mai girman bulo, ya ɗora shebur a kansa ya bubbuga da tafin hannu. A bugu na uku, kuma ba da ƙarfi ba, duk na saman ya sulluɓo ya faɗo a ƙafafunmu, gindinsa a shafe. Ya nuna mana can ƙololuwar dutsen, inda iska ta gina wani leɓe da ya leƙo. Ya ce kwana uku. Ko dai ta zauna ta kama juna, ko ta sauko da kanta. In kuma dole ce ta kama mutum, to ya ratsa da sassafe kafin rana ta taɓa gangaren, ɗaya bayan ɗaya, kada a tsaya a tsakiya.

Jama'a, ni tun kafin a fassara na gane. Mahaifina haƙar rijiya ce sana'arsa, kuma na yi shekaru ina shiga rami tare da shi kafin in san mota. Na san wannan abin. Na san yumɓu mai tauri da ke zaune a kan yashi mai gudu. Ka buga shi da diga ka ji gam, ka ce ka sami ƙasa mai kyau, alhali ba abin da ke riƙe da shi. Rijiyar da ta rufta da ƙanin mahaifina haka bangonta yake. Launi ne kawai ya bambanta, amma abin da tsohon nan ya nuna mana na taɓa shi da hannuna tun ina saurayi. Na tsuguna na damƙi na ƙasan, ya zube ta tsakanin yatsuna, na ce a raina innalillahi.

Surukina kuwa ya hau saman ƙanƙarar ya doddoka ƙafa, ta ɗauke shi ko gezau. Ya ce da Hausa, ba da kowa ba, "Abin da ya ɗauki ƙato kamata? Mu da muka ratsa taɓon Chadi da damina!" Shi ilminsa na hanya ilmin laka ne. In an yi ruwa ka jira rana ta fito, in ta fito hanya ta yi kyau. Ga rana ta fito tarwai, ga sama garau, me kuma ake jira? A ganinsa mutanen ƙauye ne kawai da tsoronsu, da kuma son su riƙe baƙi.

Na rasa inda zan sa kaina. A Riyad da na san yadda zan yi, amma a nan ba matata, ba mahaifiyarta. Sai na ja mutumin Halab bayan ɗaki, na haɗa ɗan Larabcina na wurin gini, na yi masa bayanin rijiya. Na roƙe shi ya sami surukina shi kaɗai, ya shigar da maganar a hankali kamar daga kansa ta fito, kada ya ambace ni. Ya ce, "Tayyib, tayyib," wato ya yarda. Wallahi ko minti biyar ba a yi ba, muna zaune ɗaki cike da mutane ana shan shayi, sai na ji ya ɗaga murya ya ce wa surukina da Larabci: "Ya ammi, mijin 'yarka ya ce ba ka san ƙanƙara ba, kuma shi tsoro yake ji."

Ban ga laifinsa ba yanzu. Shi a wurinsa ya isar da saƙo. Amma a lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige.

Surukina ya ajiye kofi. Ya juyo ya dube ni, abin da bai saba yi ba, ya ce, "Kai ka ce haka?"

Ga ƙofa a buɗe. Shi da kansa ya tambaya. Abin da ya rage kawai in ce, Baba, ban ce ba ka sani ba, amma na san ƙasa, wannan za ta rufta, don Allah mu jira. Kalmomi nawa ne? Ina tsugune, idona a kan tabarma, na ji bakina yana cewa, "A'a Baba. Duk yadda ka ce."

Ya ce, "To."

Washegari bai fita da sassafe ba. Gwiwoyinsa ba sa son sanyi, kuma dai shi rana yake jira. Sai da hantsi ya dubi ludayi, ruwa ya fara ɗiga daga indararo, sannan ya ɗaura rawani a kan hularsa ya ce bismillah. Liman ya riƙe masa hannun riga, ya zame a hankali yana murmushi. Tsoho mai shebur ya dubi rana, ya dubi dutse, ya juya ya shige gida. Mutumin Halab ya ce shi yana da 'ya'ya, ba inda za shi. Surukina ya ce in zauna in kula da mota. Wannan kam ban bi ba. Ina zan bar shi ya tafi shi kaɗai, in dawo in ce wa mutane me? Na ɗauki jakar takardunmu na bi bayansa.

Mun yi kamar rabin awa muna nutsewa zuwa gwiwa kafin mu kai wurin. Ba bishiya ko ɗaya a gangaren, fari fat tun daga sama har kwari, faɗinsa bai fi taku ɗari biyu ba. Na ga 'yan dunƙule-dunƙule suna gangarowa da kansu suna barin sawu. Zufa nake a cikin farwa. Surukina ya shiga, ni kuma na bar tazarar da na saba bari, taku ashirin ko talatin. Ba don tsohon ƙauye ya ce ɗaya bayan ɗaya ba, kada ku ba ni wannan wayon. Haka dai nake tafiya a bayansa kullum.

Yana kaiwa tsakiya na ji wani dum a ƙarƙashin ƙafata, kamar an buga turmi a cikin ɗaki, ƙanƙarar da nake kai ta ɗan zauna. Na ɗaga kai na ga tsaga ta tashi daga sama da shi tana gudu ta gefe. Na ce, "Baba." Ku ji da kyau: da muryar gaisuwa na faɗa. Wallahi tallahi da muryar da nake ce masa ina kwana. Bai ji ba. Kafin in nemo ihun da ke cikina, gangaren gaba ɗaya ya motsa. Na ga ya juyo, na ga ya ɗaga hannu ɗaya, sai farin ƙura ya tashi da ƙara kamar tifa goma suna juye dutse lokaci guda. Iskar ta jefa ni da baya. Da na tashi, bakin inda ya yanke yana gabana taku uku, daga nan sai santsi har ƙasan kwari.

Mutanen ƙauye sun ji ƙarar. Kafin in gangara sun iso da dogayen sanduna da shebur da kare. Suka jera sahu kamar na salla, kowa ya soka sanda, a matsa taku ɗaya, a sake sokawa. Abin da ya sauko ba laushi gare shi ba, ya daskare kamar kankare, kuma ya cika kwarin. A idona na mai rijiya zurfinsa ya yi gaba biyar, sandunan ba sa kai rabi. Na karɓi shebur na yi haƙan da ban taɓa yi ba a rayuwata, har fatar hannuna ta tsage ban sani ba. Mata suka kawo shayi a tulu. Muka yi ta yi har rana ta faɗi, ba rawani, ba takalmi, ba komai.

Rana ta biyu muka koma. A nan ne na yi ihun. Na yi ta kiran Baba, Baba, har murya ta dishe, daga baya na kira sunansa, sunan da ban taɓa furtawa ba. Na kira shi tsirara ba ko Alhaji, na kifa kunne a kan ƙanƙara ina saurare. Wajen azahar tsoho mai shebur ya dubi sama ya ce kowa ya fita, sauran leɓen nan bai gama ba. Na ƙi. Maza biyu suka ɗauke ni cak. Ba mu daɗe da hawa ba ragowar ya sauko ya binne duk ramukan da muka haƙa. Na zauna a kan dutse na yi kuka irin na yara, tsohon ya dafa kaina yana magana da harshen da ba na ji.

Rana ta uku da hantsi muka ji gurnani daga ƙasa. Katafila ce. Ba wanda ya je ya kira ta, layinmu ne ya zo. Kwana uku cif, yadda tsohon ya faɗa.

Jandarmomi suka biyo ta, suka yi tambayoyi, suka ba ni takarda mai hatimi. Liman ya kama hannuna biyu ya ce sai bazara kwarin zai buɗe, kuma ya yi mini alkawari su za su yi masa wanka, su sallace shi, su binne shi a cikin iyayensu, su rubuto wa kamfani. Na so in zauna. Aka ce in na zauna biza ta ƙare, 'yarsa ta rasa uba ta rasa miji. Na ɗaura wa tayoyi sarƙa na tayar da babbar motar. Da na zo wurin ban dubi hagu ba.

Komowa ba ni da abin faɗa. Ban san me na ci ba, ban san inda muka kwana ba, ina dai bin mutumin Halab da wanet a baya. Layin da ya cinye mana kwana biyu da zuwa, wannan karon rabin yini muka yi. A iyakar Saudiyya ma'aikaci ya ga fasfo biyu a hannuna ya ce ina mai ɗayan, na miƙa masa takardar jandarma, ya karanta ya ce Allah Ya ji ƙansa, ya buga mini hatimi. Na duba kwanan wata. Saura kwana ɗaya cur a bizar. Da mun zauna muna shan shayin liman, da mun shigo mu uku da ranarmu a hannu.

Na ajiye motar a wurin gininmu na Suwaidi. Kafili ya yi mini ta'aziyya, ya zagaya ya ɗaga tamfol ya duba injinsa. Mutumin Halab ya riga ya bugo wayar tangarahu tun daga hanya, don haka da na shigo Jaradiya na tarar da tabarmi a ƙofar gida, 'yan uwa na Najeriya da na Nijar sun cika layin. Kowa ya riƙe hannuna ya ce na yi ƙoƙari, an ce har hannuna ya tsage. Na ce Allah Ya ba da lada.

Da aka watse matata ta kawo mini ruwa. Ta rame. Ta zauna ta dubi hannuwana, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta ce in daina cin raina, kwanansa ne ya ƙare. Ta ce, "Baba ya sha gaya wa Inna, duk cikin mazajen 'ya'yansa kai kaɗai ne ba ka taɓa mayar masa da magana ba." Don ta sanyaya mini zuciya ta faɗa.

Na ajiye kofin. Na ce mata, "Na gani. Na san zai rufta. Ya tambaye ni da bakinsa, na ce masa a'a." Na ba ta labarin ramin, da yashin, da ɗakin liman, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan mahaifiyarta.

In kuna son abin da tafiyar nan ta koya mini, ga shi, ko da yake ban ga amfanin da zai yi mini yanzu ba. Wanda Allah Ya kai ƙasar ƙanƙara, kada taurin sama ya ruɗe shi, ya haƙa ya ga abin da ke ƙasa. Fitowar rana a can ba alamar lafiya ba ce. In mutanen wuri suka ce jira, ka jira, sun binne nasu kafin su koya. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma ni aka tambaya, kuma na sani. Kunyar da nake taƙama da ita ban ce a yar da ita ba, sai dai ranar nan da na yi rashin kunya na minti ɗaya, da ya yi fushi da ni na shekara, da na ɗauka da murna.

Yau kwananta tara a can. Abinci yana zuwa mini safe da yamma, ita ba ta zuwa. Na koma aiki, ina jan yashi daga bayan gari zuwa Suwaidi. Mutanen ƙauyen sun ce sai nan da wata biyu ƙanƙarar za ta narke.